Shagon gyaran na'urar sanyi a Garwa: abin da na gani lokacin da ta gidanmu ta ƙi tashi

Gidan da muke zaune a cikinsa a Garwa, a arewacin Kamaru, ba mu muka gina shi ba. Wanda ya gina shi ya yi shi ne domin ba da haya ga ma'aikata 'yan ƙasashen waje, shi ya sa maimakon a rataya wa kowane ɗaki tasa na'urar sanyi kamar yadda aka saba, sai ya sa guda ɗaya babba wadda take ɗaukar gidan baki ɗaya. Rabinta yana bayan gida a kan dakalin siminti, akwatin ƙarfe mai fanka a sama da kwamfuresa a ciki, wato injin da yake matsa gas ɗin sanyi yana zagayar da shi, ɗaya rabin kuma yana ɓoye a cikin silin, daga can ne manyan bututu suke raba iska zuwa falo da ɗakuna uku. A bangon falo akwai ɗan ma'aunin zafi wanda da shi ake ba ta umarni. Mutanen garin nan kowace irin na'urar sanyi kilim suke ce mata, sunan da aka aro daga Faransanci, amma irin wannan ta bai ɗaya ba ta da yawa a gidajen jama'a. An fi ganinta a bankuna da otal-otal da manyan ofisoshi, kuma ƙarancinta ne ya sa samun wanda ya san cikinta ya zama aiki mai zaman kansa.

Ta tsaya ne ranar wata Talata a cikin Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, a lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40 kusan kowace rana. An ɗauke wuta da hantsi, aka dawo da ita bayan azahar. Firiji ya tashi, ma'aunin bango ya haska, iska ma ta ci gaba da fitowa daga silin, sai dai iska ce mai ɗumi kamar wadda take fitowa daga bakin tanda. Da na zaga baya sai na tarar da akwatin waje shiru, fanka a tsaye, babu ko gurnani. A makon nan mahaifiyata tana gidan, ta zo ganin likita saboda hawan jini, saboda haka ba lamari ne da za a ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi haƙuri har damina ba.

Mutum na farko da ya duba ta, wani maƙwabci ne ya turo mini shi, ya zo a kan babur da tukunyar gas ɗaure a baya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bututun jan ƙarfe, ya girgiza kai, ya ce gas ya ƙare kuma zai cika mini a kan sefa 70,000. Bai buɗe murfi ko ɗaya ba, bai sa ma'aunin matsi ba, bai tambayi yadda abin ya faru ba. Abin da ya tsayar da ni launi ne kawai. Tukunyarsa koriya ce, kuma na tuna cewa wadda aka taɓa kawowa gidan shekarun baya ruwan hoda ce. Na ba shi kuɗin mai na sallame shi, ya tafi yana gunagunin cewa masu gida sun fi masu gyara sani. Daga baya na gane cewa koriyar tukunya ta gas ɗin R-22 ce, tsohon nau'in da ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, alhali a jikin na'urarmu an rubuta R-410A, wanda matsinsa ya fi na wancan sosai kuma man da kwamfuresarsa take sha daban ne. Da na yarda an ɗura, da na biya kuɗi mai yawa an gurɓata mini na'urar da, kamar yadda ta bayyana daga baya, babu abin da ya sami gas ɗinta.

Shagon da wannan rubutu yake magana a kansa wani abokina mai kula da ginin wani ofishi ne ya nuna mini. Yana gefen unguwar Yelwa, ɗaki ɗaya da rumfar kwano, an jibge tsofaffin firiji a ƙofarsa har ba a ganin allon sunan sosai. Maigidan dattijo ne mai furfura a gemu, Hausa da Fulatanci da Faransanci duk suna bakinsa, yana da yara masu koyon aiki uku. Ban fara da zuwa shagon ba, waya na yi masa, kuma tun a wayar na ji bambanci, domin kafin ya yi maganar kuɗi sai da ya jera mini tambayoyi. Ya tambaya ko fuskar ma'aunin bango tana haskawa, domin wasu da batir suke aiki kuma idan batirin ya mutu gidan duka yakan yi tsit. Ya tambaya ko an saita shi a kan sanyaya, kuma ko lambar da aka sa ta yi ƙasa da zafin ɗakin. Ya ce in kashe, in kunna, in jira minti biyar cikakku, saboda yawancin irin waɗannan na'urori suna da jinkirin da aka gina musu da gangan domin kada kwamfuresa ta tashi alhali matsin gas bai daidaita ba. Sannan ya sa na duba bireka, makunnin nan mai yanke wuta da kansa idan an sami matsala, wadda a nan ake kira disjankter, ya ce idan ta faɗi in mayar da ita sau ɗaya tak, idan ta sake faɗuwa kada in ƙara taɓa ta. Da duk wannan bai tayar da ita ba, sai ya ce, "To, Alhaji, ka kashe birekar waje ka bar ta a kashe, ina nan zuwa bayan la'asar in Allah ya yarda."

Bai zo bayan la'asar ba. Bai zo da magariba ba, kuma wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Washegari wajen ƙarfe huɗu na yamma ya iso da yaro ɗaya, ya ba da haƙuri cewa ɗakin sanyin wani mai sayar da kifi ne ya lalace kuma kaya suna neman ruɓewa. Uzurin mai karɓuwa ne, amma saƙo guda a waya da ya raba ni da zaman jira na yini da kwana, kuma wannan rashin kiyaye lokaci shi ne aibin shagon da ya fi fitowa fili, domin ya sake faruwa.

Yadda ya yi binciken ne ya sa na ga ya dace in rubuta. Da ya gaisa da Hajiya ya yi mata sannu da jiki, bai nufi bayan gida kai tsaye ba. Ya fara da falo, ya cire fuskar ma'aunin bango ya sa mitarsa a kan wayoyin, ya nuna mini bolt 24 da ɗan ɗori. Ya yi mini bayani cewa na'urar tana da wuta iri biyu: babbar wuta ta bolt 220 mai juya injuna, da ƙaramar wuta ta bolt 24 mai kai saƙo, wadda wata 'yar taransifoma a cikin silin take samarwa. Idan ƙaramar ta yanke, ko don ɗan fis mai amfiya 3 da yake kan allon ciki ya ƙone, ko don ɓera ya ci waya, babbar wuta tana nan daram amma babu wanda zai ce mata ta shiga. Ya tura yaron cikin silin ya duba wannan fis ɗin, ya duba ko ƙofar akwatin ciki ta rufu daidai, domin tana danne wani maɓalli ne, sannan ya duba farantin da ruwan raɓa yake taruwa. A wannan farantin akwai wani makunni mai taso kan ruwa, wanda idan bututun zubar da ruwa ya toshe yakan yanke saƙon sanyaya don kada ruwa ya jiƙa silin ya zubo. Duk an same su lafiya, ban da matatar iska da yaron ya sauko da ita ta yi jawur da ƙura kamar an tona ta daga ƙasa.

Sai muka zaga baya. Ya kashe wuta, ya gwada da mita ya tabbatar ta mutu kafin ya sa hannu, ya kwance ƙusoshi huɗu ya cire murfin gefe. A ciki akwai wani baƙin abu mai girman dunƙulen hannu, kwantakta, wadda aikinta shi ne idan saƙon bolt 24 ya iso sai maganaɗisunta ya ja wasu harsunan ƙarfe su haɗu, babbar wuta ta wuce. Ya mayar da wuta, ya ce wa yaron ya je ya kunna, muka ji ƙas, alamar ta ja. Wuta tana shiga ta sama, amma da ya gwada ta ƙasa sai mita ta nuna babu komai. Ya sake kashewa, ya haska da tocilar wayarsa, ya ce, "Alhaji, matso ka ga masu gidan." Tsakanin harsunan nan kiyashi ne matattu sun dunƙule sun zama baƙin ɓawo, wasu masu rai suna ta kai da kawowa a kan layin da ya taso daga gindin dakalin. Kowane lokaci kwantaktar ta rufe takan murƙushe waɗanda suka shiga, har gawarwakinsu suka yi kaurin da ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Ya goge da buroshi, ya bi da 'yar takardar yashi, ya hure.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara lissafin abin da zan ba shi, amma da aka kunna sai akwatin ya yi wani gurnani mai nauyi na 'yan daƙiƙu, fitilar baranda ta dushe, fanka ba ta motsa ba, sannan aka ji wani ƙaramin ƙas a cikin kwamfuresa komai ya yi shiru. Ya ce wannan ƙas ɗin mai tsaron zafi ne na cikin kwamfuresa ya yanke wuta don kada naɗin wayarta ya ƙone, kuma mai gida da ya ji irin wannan gurnani ya ci gaba da kunnawa yana kashewa, da hannunsa yake kashe abin da ya fi komai tsada a na'urar. Ya cire wayar kwamfuresar gefe guda, ya karyo ɗan siririn reshen darbejiya, ya sa aka kunna, ya zura reshen ta ragar sama ya tura fiffiken fankar. Nan take ta kama juyawa da kanta. Ya yi murmushi ya ce ba sai an faɗa ba, amma duk da haka za a auna.

Abin da ya auna shi ne kafasita, wadda masu gyara a nan suke kira kwandansater, wani gwangwani mai kama da na maganin sauro, da ƙafafu uku a kansa. Injin da yake aiki da layin wuta ɗaya ba ya iya fara juyawa da kansa. Yana da naɗin waya biyu, kuma kafasita ce take sa wutar da take bi ta naɗi na biyu ta saɓa da ta farko a lokaci, wannan saɓanin ne yake ba injin turin da zai tashi ya kuma ci gaba da tafiya daidai. Tamu guda ɗaya ce mai aiki biyu, an rubuta 45 da 5 a jikinta, babbar lambar ta kwamfuresa, ƙaramar ta fanka. Kafin ya taɓa ta sai da ya kashe wuta ya sauke cajin da yake cikinta, yana gargaɗin yaron cewa wannan gwangwanin yana riƙe wuta ko bayan an kashe bireka, kuma ya isa ya jefar da mutum. Kanta ya kumbura kamar murfin gwangwanin madarar da ta lalace, mai ya ɗan tsattsafo a gefe. Mita ta nuna 11 a inda ya kamata a ga 45, a ɗaya ɓangaren kuma ko ɗaya ba ta cika ba, alhali ragin da aka yarda da shi, kamar yadda aka buga a jikinta, kashi 6 cikin ɗari ne kawai.

A nan na tambaye shi batun gas, na ba shi labarin mai koriyar tukunya. Bai zagi mutumin ba, ya dai ce gas ɗin na'urar sanyi ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu shekara da shekaru, saboda haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya cika bai nemi ramin ya toshe ba ya sayar maka da abin da zai tsiyaye ne. Ya yarda cewa ƙarancin gas yana iya hana wasu na'urori tashi, waɗanda suke da makunnin da yake yankewa idan matsi ya faɗi, amma a irin wannan hali kwantakta ba za ta ja ba sam, tamu kuwa mun ji ta ja da kunnenmu. Duk da haka ya ɗaura ma'aunin matsi ya nuna mini allurar a inda ya kamata ta tsaya. Wannan bayanin bai ɗauki minti uku ba, kuma shi ne ya fi komai amfani a gare ni a cikin aikin duka.

Bai tsaya ga abin da ya mutu ba, ya nemi abin da ya kashe shi. Ya gwada wutar da take shigowa gidan a wannan sa'ar ya sami bolt 191, alhali a allon na'urar an rubuta cewa kada ta gaza 198. Wani babban kaso na wutar arewacin Kamaru daga madatsar ruwan Lagdo yake zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai da ƙarfin megawat 72, kuma a ƙarshen rani ruwa yakan ja baya daidai lokacin da kowane gida yake kunna fanka da firiji, saboda haka raunin wuta da yankewarta a watannin Maris zuwa Mayu abu ne da kowa ya saba da shi. Injin da aka ba wuta mai rauni yakan ja amfiya fiye da ƙima ya yi zafi. Sannan ya nuna mini ragar ƙarfen da ta kewaye akwatin, wadda ta nan zafin gidan yake fita. Ƙurar hunturu ta haɗu da zaren auduga, wanda ba ya rabuwa da iskar Garwa a lokacin gurza, da busassun ganyen darbejiya, sun zama kamar bargo. Na'urar tana numfashi ne ta cikin bargon nan a ƙarƙashin ranar Afrilu, kuma kafasitar da aka rubuta wa iyakar digiri 70 tana zaune a cikin akwatin ƙarfe da yamma tana dukansa.

Matsalar kayan gyara ita ce ta biyu da zan ɗora wa shagon. Ba su da kafasita mai aiki biyu a ajiye, kuma yaron ya zaga babbar kasuwa bai samo ba. Maigidan ya ba ni zaɓi a fili: ko a jira a aiko da irinta daga Duwala, ko a sa guda biyu daban-daban, mai 45 ga kwamfuresa da mai 5 ga fanka, waɗanda ake samu a gari saboda ƙananan na'urori suna amfani da su. Ya ce aikinsu ɗaya ne muddin lambobin sun dace kuma ƙarfin bolt ɗin da aka rubuta musu bai gaza na tsohuwar ba. Saboda Hajiya na zaɓi na biyu, kuma na lura sai da ya auna sababbin da mita a gabana kafin ya ɗaura, ya mayar da ɗaya saboda ta nuna 39 tun tana cikin kwalinta. Na ce duk da haka a yi odar ta asali in ajiye. An ce mini kwana uku, ta iso bayan kwana tara, sai da na yi waya sau huɗu. Shagon da ya san manyan na'urori kamar wannan, kuma ya san cewa a bazara kafasita ce abin da ya fi yawan mutuwa, ya kamata a ce yana da biyu ko uku a kan kanta.

Wankin ragar sun yi shi da kyau. Sun ɗaga murfin sama da fankar, suka rufe ɓangaren wayoyi da leda, suka fesa ruwa daga ciki zuwa waje ba da ƙarfi ba don kada siraran fikafikan alminiyon su lanƙwashe, kuma ruwan da ya gangaro tsakar gida ja ne kamar na kwatar damina. Kafin wanki ya maƙala mitarsa a kan waya ta nuna kwamfuresa tana jan amfiya 18 da rabi, sama da 17 da aka rubuta a allo, bayan wanki kuma ta sauko zuwa 15. A falo ya riƙe ma'aunin zafi a bakin inda iska take komawa ya sami digiri 31, a bakin inda take fitowa kuma 21, ya ce wannan tazarar ta digiri goma ita ake nema. Na ji daɗin cewa kowane mataki da lambarsa, ba "ka ji sanyi ko?" ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yaron da ya hau silin ya taka gefen allon silin ya tsaga shi, ya kuma bar shatin yatsunsa baƙi a kan farin fenti, kuma babu wanda ya ambata mini sai da uwargida ta gani da safe. Da na yi magana maigidan ya ce zai turo mai gyarawa, har yau tsagar tana nan.

Akwai wata gaskiya da ya faɗa mini wadda ba ta kawo masa ko sisi ba. Ya nuna mini a allon na'urar inda aka rubuta T1, ya ce wannan na nufin an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, alhali waɗanda aka ƙera domin ƙasashe masu tsananin zafi suna ɗauke da T3, kuma a digiri 46 ake gwada su. Saboda haka komai gyaran da zai yi, da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ba za ta ba da cikakken sanyin da aka rubuta mata na BTU 36,000, wato ma'aunin ƙarfin sanyayarta, ba, kuma kada in bari wani ya ce mini ƙarin gas ne maganin wannan. Ya ba da shawarar a yi mata rumfa ta yamma mai tsayi, wadda ba za ta danne iskar da fanka take hurawa sama ba, kuma a matsar da tulin itacen girki da aka jingina a jikinta.

Game da kuɗi, na biya jaka biyar, wato sefa 5,000, na zuwa, da 15,000 na bincike da aiki, da 12,000 na kafasitoci biyu, da 10,000 na wanki. Wannan ban ga tsadarsa ba ko kaɗan. Inda na ji an ɗan tsawwala shi ne na'urar tsaron wuta da ya ba da shawarar a ɗaura, wadda take yanke layi idan bolt ya yi ƙasa ko ya yi sama, ta kuma jira minti uku bayan an dawo da wuta kafin ta saki. Amfaninta a fili yake, domin tun da aka sa ta na sha ganin ta hana na'urar tashi da yamma har wuta ta daidaita, amma ya sayar mini da ita 35,000, kuma bayan mako biyu na ga irinta sak a kasuwa a kan 22,000. Rasit ma sai da na nema, aka rubuto mini da biro a takardar littafi, jimilla kawai babu rabe-rabe. Lamunin wata uku da ya ba ni da baki ya ba ni, ba a rubuce ba.

An gwada wannan lamunin kuwa, domin a farkon Yuni, bayan ruwan sama na biyu, akwatin waje ya sake yin shiru. Na bi tambayoyinsa na farko da kaina, na duba ma'aunin bango da bireka da farantin ruwa, na jira minti biyar, sannan na kira shi na gaya masa abin da na gani. Wannan karon ya ce bayan azahar, ya iso dab da magariba. Kwantaktar ce, harsunanta sun ƙone sun yi ramuka. Bai nemi ya ɗora wa ruwan sama ko wuta ba, ya ce, "Alhaji, wannan nawa ne. Ranar nan ya kamata in canza ta, na goge ta da takardar yashi don in rage maka kashe kuɗi, kuma yashi yana cinye ruwan azurfar da yake kan harsunan." Ya sa sabuwa mai rufaffen kai wadda kiyashi ba sa samun hanyar shiga cikin sauƙi, ya karɓi kuɗinta 14,000, ya ƙi karɓar na zuwa da na aiki. Ya kuma sa yaron ya bi layin kiyashin har raminsu a gindin dakali ya zuba magani, ya toshe ramin da wayoyi suke shiga akwatin.

Mai ƙaramar na'ura ta bango wadda wanki kawai take so zai sami masu yi masa da sauri fiye da wannan shago, kuma wanda yake da wurin sana'a da ba ya jure jiran yini guda ya kamata ya yi da su a rubuce tun kafin bazara, ya kuma sayi kafasita da kwantakta na ajiya da kansa bayan ya kwafi lambobin da suke jikin nasa. Amma mai babbar na'ura ta bai ɗaya a Garwa, wadda ta ƙi tashi kuma aka fara yi masa maganar gas ko sabuwar kwamfuresa kafin a buɗe murfi, ina ganin ya cancanci ya jure jiran dattijon nan. Mun yi da shi cewa zai riƙa zuwa a ƙarshen Fabrairu, idan ƙurar hunturu ta fara kwantawa, ya wanke raga ya auna kafasita da amfiya, ni kuma in riƙa wanke matatar ciki duk wata. A Fabrairun da ya biyo baya ya ce ranar Litinin, ya zo ranar Laraba, ya auna mai 45 ɗin nan ta kasuwa ya same ta a 43, ya ce a bar ta, ta Duwala ta ci gaba da zama a cikin kwalinta.